Tulun Jagdeo

Ramashish Mahto, ɗan majalisarmu na jiha, ya mutu ana tsakiyar damina. Ko makoki ba a gama ba aka sa ranar zaɓen cike gurbi. Jam'iyya ta tsayar da ɗansa Nirbhay, ƙanen mamacin kuma, Jagdeo, ya yi zuciya ya tsaya don kansa.

Nirbhay ne ya fara. Maimakon ya kai tokar gawar ubansa kogi bayan an ƙona ta, kamar yadda kowa ke yi a wurinmu, sai ya ɗora tulun tagulla a bayan mota, wai tokar na ciki, aka lulluɓe shi da furanni, ana yawo ƙauye-ƙauye. Mata na kuka, suna taɓa tulun suna shafa goshi.

Ni shayi nake sayarwa a ƙofar gidan Jagdeo. Wata safiya direbansa ya zo da bokiti, ya tsuguna gaban murhuna yana kwasar toka.

"Matarka ce ta sa ka wanke-wanke?" na ce.

"Kai dai dafa shayinka, Yaya."

Kashegari Jagdeo ya fito da nasa tulun, har ya fi na Nirbhay girma. Ya rantse a lasifika cewa da hannunsa ya kwashi tokar yayansa, abin da yaron nan ke yawo da shi kuwa bai san ko mene ne ba.

Gwaggona Phulmati tana ƙaunar marigayin, don shi ya haƙa famfon unguwarsu. Na hango ta a layin masu taɓa tulun Jagdeo, ba takalmi, taɓo har idon sawu. Na ja hannunta.

"Gwaggo, tokar murhuna ce. Kashin shanu ne da itacen mangwaro."

"Rufe mini baki, ɗan nema. Kai ba abin da kake ganin girmansa."

Jagdeo ya dangwalo tokar da babban yatsa ya shafa mata a goshi, ya riƙe kanta sai da mai hoto ya gama. Ranar ko fuska ba ta wanke ba.

Abin ya tsaya mini a wuya, na je na sami Sudhir, mai kula da yaƙin zaɓen Nirbhay, na faɗa masa. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Ashe baffa ya waye. Tamu daga wurin mai gasa masara muka kwaso."

"Ta tsohon fa?"

"Tana sito a leda, ina jin. Wa zai fito da ita cikin wannan ruwa?"

Na tashi ban yi masa sallama ba.

Jagdeo ya ci zaɓen da ƙyar. Kafin sati ya zagayo ya koma jam'iyyar da ta hana shi takara, aka ba Nirbhay shugabancin wata hukuma. Suka tsaya a dandali ɗaya, kowa na tura wa ɗan'uwansa alewa a baki. Direban ya zo ya ce a kai shayi ga baƙi. Na sauke tukunya, na rufe rumfata, na tafi gida.