Yatsa na Biyar

Tun da Auta ta shiga makarantar koyon ɗaukar hoto, ba wanda ya tsira a gidan, har kyanwa. Ranar Asabar sai ga ta a shagon babanta kafinta, da kyamara rataye a wuya. Ta ce malaminsu ya ba su aiki: hoto biyu na mutum ɗaya, na farko ya nuna mummunan zaton da ake yi wa masu sana'arsa, na biyu kyakkyawan zato. Za a manna su a bangon makaranta.

Kafinta ya ajiye zartonsa. Dama shi mutum ne da abu kaɗan ke hana shi cin abinci.

"A bango? In wani mai ba ni aiki ya gani fa?"

"Haba Baba, kowa ya san shiryawa aka yi."

Ta kwantar da shi kan benci, ta rufe masa fuska da hula, ta jera kujeru masu ƙafa uku-uku kewaye da shi. Sannan ta kira maƙwabcinsu tela ya tsaya a kansa yana nuna agogo, wai shi ne mai kayan da aka yi ta ce wa gobe ka dawo.

"Tela za ki kawo ya koya mini cika alkawari?" in ji kafinta daga ƙarƙashin hula. "Wandona wata uku ke nan a hannunsa!"

"Kwanta dai, malam," in ji tela. "Barci ai ba sai an koya maka ba."

A hoto na biyu ta sa shi ya canja riga, ta maƙala masa fensir a kunne, ya dafa wani tebur da ya gama gogewa.

Bayan kwana uku ta buɗe kwamfuta a falo ta nuna masa. Na farkon dariya ya ba shi, don har yanar gizo-gizo ta ƙara a jikin zarto. Na biyun ne ya katse masa dariyar. Hannun da ke kan teburin yatsu biyar gare shi, alhali ƙaramin yatsansa injin yanka katako ya tafi da shi tun kafin a haifi Auta.

Ya janye hannunsa ya cusa ƙarƙashin riga. Ashe kunyar hannun nasa take ji? Tun yaushe? Ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Auta, in ba kya son ƙawayenki su gani, ki faɗa mini kawai. Sai in sa shi a aljihu mu sake ɗauka. Ba zan ji haushi ba."

Ta juyo, idanunta suka cika da ƙwalla.

"Baba! Ga wanda zan kai makaranta nan." Ta buɗe wani, yatsu huɗu, dungulmin a fili. "Wancan nawa ne ni kaɗai. Ban taɓa ganin hannunka a cike ba, ko a tsohon hoto. So nake in gani kawai."

Kafinta ya sake duban hoton mai yatsu biyar. Can ya jawo kujera ya matso kusa da ita.

"To ai kin yi kuskure, yarinya. Wannan yatsan 'yan ofis ne. Nawa a karkace yake, ya lanƙwasa ciki, irin na kakanki. Farcen kuma baƙi ne, ya sha guduma."

Ta goge ido ta shiga gyarawa, shi kuma yana nuni da fensir kamar mai auna katako.

"Ƙara kaɗan. A'a, ya yi yawa, koma. Tsaya! Yauwa." Ya ɗaga murya. "Maman Auta, zo ki ga wani tsohon sani!"

Matarsa ta fito daga kicin tana goge hannu da tsumma. Ta sunkuya, ta ƙura wa hoton ido, sai ta dafa kafaɗarsa.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Ga shi kuwa, ɗan mummunan nan."