Gurbi na Ƙarshe a Tagar Bene

Shekara arba'in da ɗaya ina goge tagar benen gidan Lathbury da ruwan tsami da tsohuwar jarida, don haka ko ido rufe zan karanto maka sunayen da ke jikinta. Al'adar gidan ce tun kaka da kakanni: duk matar da aka auro, ranar da ta tare sai ta zana sunanta a gilashin da dutsen zobenta. Ta farko Honor ce, a 1689, rubutunta kamar tonon kaza. Akwai Lettice mai 'ya'ya tara, akwai Clemency da ta hana a rushe gidan bayan gobara. Su goma sha ɗaya ne, gurbi ɗaya ya rage, bai fi faɗin yatsu uku ba.

Ni kuwa Dorcas, ƙarshen wata zan ajiye aiki, gwiwoyi sun ce sun gaji. Ba na ɓoyewa, abin yana ci mini rai: in na fita, babu abin da zai nuna na taɓa zama a gidan nan.

Ranar da Edmund, jikan maigida, ya kawo amaryarsa Philippa, muka cika bene ana ta raha. Tsoho Ambrose, maigidan, ya nuna taga da sandarsa.

"To 'yata, ga wuri. Bi a hankali, gilashin nan ya girme ni."

"Da kaɗan dai, Yallaɓai," na ce.

"Ku ji ta! Bakin nan ba ya tsufa."

Philippa ta zare zobe, maimakon ta nufi taga sai ta kamo hannuna ta danƙa mini.

"Inna Dorcas, gurbin naki ne. Ni yau na zo, zan fara sabon layi a gilashin gefe."

"Rufa mini asiri, yarinya! Ni wa ya auro ni?"

"Gidan ya aure ki tuntuni," in ji tsoho. "Da ni aka ƙulla wannan shawara. Rubuta mana, shayi yana hucewa."

Na zana sunana. Ya karkace, ya fi na Honor muni, aka yi ta tafi. Daɗi ya kashe ni, ga dariya ga hawaye.

Sai na hango shatin yatsuna a jikin gilashin. Na zaro tsumma daga aljihu, na goge shi tas, na bar sunan.