Ƙudan Zuma a Rumbun Barau

Sunana Rabe, sana'ata zuma. Ina da amya goma sha bakwai a kan itatuwan da ke tsakanin ƙauyenmu da Guci, kuma duk wanda ƙudan zuma ya shigar wa gida a yankin nan, ni ake aika wa. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce ban san aikina ba. Na san shi sarai. Ƙarar da na ji a rumbun Barau, ko wa ya ji ta sai ya rantse zuma ce.

Barau taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, saboda haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa. Ya haura sittin, ko da yake shi ya tsaya a hamsin da biyar tun shekarar da aka kafa mana famfo. Abu guda yake taƙama da shi a duniya: a gonar gandunsu shi ne gaba. Idan aka jera a bakin gona da hauya, shi da ƴaƴansa biyu, Ubaidullah babba da Hisham ƙaninsa, layin Barau ke fara kaiwa ƙarshe. Sai ya tsaya can ya riƙe ƙugu, ya waiwayo yana tambayarsu ko barci suke yi.

A wurinmu kuwa, ranar da ƴaƴa suka wuce ubansu a layi, ranar ake ce masa, "Baba, ka huta." Magana ce mai daɗin ji, amma ma'anarta a karɓe hauyarka a shimfiɗa maka tabarma a gindin itacen bedi. Barau ya ga an yi wa sa'o'insa haka, ya gan su zaune suna korar kaji daga shanya. Mutumin nan ba ya tsoron maciji, na taɓa ganin ya kama bijimi da ƙaho, amma yana tsoron wannan rana ƙwarai.

Shi Hisham ɗan balo ne, wato ƙwallon ƙafa, yana buga wa ƙungiyar Guci. Wata ranar kasuwa ya je Magariya a kan moto ya dawo da wata aba mai siffar bindiga, bakinta da kai kamar ƙwallon goruba. In an danna ta sai ta hau ƙugi, ka ɗora a cinya ko a kafaɗa ta yi ta dukan naman da sauri har ya saki. Injin tausa suke ce mata. Da yamma, in sun gama gudunsu a fili, ka ga ƙartai a miƙe a ƙasa ana zagayawa da ita, kowa yana lumshe ido.

Ba wanda ya kai Barau zagin injin nan. A majalisa ya ce, "Yaro ya yi ta gudun banza a bayan fata mai iska, sannan a kawo inji ya lallashe shi! Mu da muke duƙe tun asuba, wa ya taɓa lallashinmu?" Ya faɗa a masallaci, ya faɗa a wurin suna, ya faɗa wa mai shayi. Har ya ce ranar da aka gan shi da wannan aba a hannu, a aske masa gemu. Ina wurin, na kuma riƙe maganar.

Sauran abin da ya faru daga bakinsa na ji shi daga baya. Daminar bana ta zo da ciyawa kamar an shuka ta, noman fari ya yi nauyi, bayan Barau ya riƙe. Bai gaya wa kowa ba. Sai ya dafa bango yake tashi daga sallah, in kuma wani ya shigo sai ya yi kamar gara yake dubawa a jikin ginin. Wata rana bayan azahar, an dawo daga gona kowa ya kwanta, ya leƙa ɗakin Hisham ya tarar da injin a jone da wayar fano, faifan nan mai tara wuta daga hasken rana, yana shan sharji. Ya ce bari ya taɓa kawai, don ya ƙara samun abin zagi. Ya ɗora a ƙugu. Ya ce mini wallahi sai da ya ji kamar an kwance masa igiya.

Matsalar ita ce ƙara. A ɗaki Fadi matarsa za ta ji, a zaure duk gari zai ji. Sai ya tuna da rumbu. Rumbun gandu na ƙasa ne, ƙofarsa a sama, da jinkar ciyawa a kai, kuma ba mai hawa tsaninsa sai maigida. Mace ba ta leƙa shi, ɗa ba ya leƙa shi, don ba a so kowa ya san iyakar hatsin da ya rage. A tsakiyar damina kuwa damman gero sun yi ƙasa, akwai wurin zaman mutum. Kullum bayan azahar sai ya ce ya tafi masallaci lazimi, ya zagayo ta bayan danga, ya ɗauki injin, ya hau da ƙyar, ya jawo jinka a kansa. Kafin la'asar ya mayar da shi inda ya ɗauka. Hisham ya yi ta ƙorafi cewa an sayar masa da batirin banza, ko mutum uku ba ya tausawa ya mutu.

Kwana tara ana haka. Fadi ta fara jin ƙugi tun ranar farko, ta gaya masa.

"Malam, zuma ta shiga rumbunka."

"Ki bar su, baƙi ne," in ji shi.

"Jikokinka a gindin rumbun nan suke wasa."

"Na ce ki bar su. Ba sa harbi."

Fadi ba ta yi masa musu ba, ba halinta ba ne. Ta jira ya ce ya tafi masallaci, ta yafa mayafi ta zo gidana da kanta.

"Malam Rabe, taso da kayan aikinka. Taubashinka ya ajiye mana bala'i a gida, wai baƙi."

Na ce mata ba a taɓa zuma da rana tsaka. Ta ce ita da rana tsaka suke damunta, kuma in na tsaya ya dawo ba zai bari ba. Na yi lissafin saƙar da za a samu a rumbu mai duhu da sanyi, yawuna ya tsinke. Na ɗauki kasko da busasshen kashin shanu, don hayaƙi nake so ba harshen wuta ba, na ɗauki babbar ƙwarya, sannan na koma na ƙara ta biyu.

Na tarar ta tashi ƴaƴan biyu daga barci, sun tsaya nesa. Na kara kunne a jikin rumbun. Ƙugi mai kauri, ba yankewa, har ginin yana ɗan rawa a kumatuna.

"Wannan ba ƙaramin gida ba ne," na ce musu. "Shekara talatin ina aikin nan, ban taɓa jin masu murya ɗaya haka ba. Kowa ya rufe fuska."

Ashe duk abin da nake faɗa yana shiga kunnen Barau. Ya ji muryata, ya ruɗe, ya danna injin don ya kashe shi. Shi kuwa injin, in ka danna sau ɗaya gudu yake ƙarawa, sai an riƙe madannin yake mutuwa. Barau bai san haka ba, domin kullum bari yake sai batirin ya ƙare da kansa. Ƙugi ya tashi sama.

"Sun ji mu!" na ce. "Sun fusata! Ku ja baya!"

Ya sake dannawa, ya ƙara tashi. Fadi ta yi salati ta shige bayan turmi. Ni kuwa na hau tsani da kaskona, na ɗaga gefen jinka kaɗan, ban ko leƙa ba saboda idona, na tura kaskon a bakin rumbu na hau fifita da faifai. Na ba su hayaƙi irin wanda ban taɓa ba wata zuma ba.

A nan dole in yaba wa taubashina. Mutumin nan ya zauna cikin hayaƙin kashin shanu, ya toshe baki da hula, ya yi shiru na tsawon lokacin da za a dama fura a sha. Ya gwammace ya mutu a ciki da a gan shi. Ina ta mamaki zumar nan ba ta laushi, ba kuma ko ɗaya da ta fito. Na ƙara kashin shanu.

Sai rumbu ya yi tari.

Na kusa faɗowa daga tsani. Zuma dai ba ta tari. Tarin ya sake zuwa, da atishawa, sannan wata murya ta ce, "Rabe, Allah ya isa tsakanina da kai."

Muka ture jinka. Ubaidullah ya hau ya kamo shi ta hammata, muka sauko da shi. Ya zauna a ƙasa, ido jawur, ƙaiƙayi a gemu, riga a naɗe har wuya, injin yana ta rawa a hannunsa ya rasa inda zai sa shi. Hisham ya zo a hankali ya karɓa, ya riƙe madannin, gidan ya yi tsit.

Na yi dariya har na zauna a kan ƙwaryata ta fashe. Na ce a kira wanzami, akwai gemun da aka yi mana alkawari. Fadi ta fito daga bayan turmi ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Sannu da lazimi, Malam."

Ubaidullah bai yi dariya ba. Ya ga yadda uban ya kasa miƙewa zaune, ya durƙusa a gabansa ya ce, "Baba…"

"Kada ka faɗa," in ji Barau da sauri. "Kada ka faɗa mini. Ɗan ciwon baya ne. Ko yau wa ya riga ku kai ƙarshen layi? Ko jiya? Gobe ma ni ne."

Hisham bakinsa ba ya riƙe magana. Yana goge injin da gefen riga ya ce, "Haba Baba, ai damina biyu ke nan muna…"

Ubaidullah ya harare shi, amma magana ta riga ta fita.

"Kuna me?" in ji Barau.

Hisham ya sunkuyar da kai. "Yaya ne ya ce duk wanda ya wuce ka, shi da shi ne. Wallahi Baba, jinkirin nan ya fi noman gajiyarwa. Wani lokaci inda na riga na nome nake sake nomewa, don kada in taka maka dunduniya."

Dariyata ta tsaya. Na san Barau tun muna yawo ba wando, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Na ji tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin kaina da kaskona. Barau ya dubi Ubaidullah, Ubaidullah ya dubi ƙasa.

"Ba mai karɓar hauyarka, Baba," in ji Ubaidullah. "Mun dai ga kana so ne."

Hisham ya zagaya bayan uban, ya ga inda fata ta yi ja a kan ƙashin baya. "A kan ƙashi kake ɗorawa? Ai ba a sa shi a ƙashi, a nama ake sawa, gefe da gefe." Ya kunna a hankali ya fara bi masa. Barau ya bari. A tsakar gida, gaban matarsa, gabana, ya rufe ido ya bar ɗansa yana tausa masa baya.

Washegari na ce zan duba wata amyata da ke kusa da gonarsu. Ƙarya nake, amyar ba ta buƙatar dubawa. Na same su sun jera kamar kullum, Barau ya yi bisimilla ya fara, ƴaƴan suna biye da shi taku biyu a baya. Da suka kai wajen sulusin layi sai ya tsaya, ya miƙe a hankali, bai waiwaya ba.

"Ku wuce."

Suka tsaya suna kallon juna.

"Na ce ku wuce. Da ƙarfinku na gaskiya, ba na wasa ba."

Suka wuce. Kai, yaran nan ashe a ɗaure suke! Ƙasa na tashi, ciyawa na kwanciya, Ubaidullah yana tafiya shiru kamar ubansa a da, Hisham yana yi yana waƙa. Kafin Barau ya gyara riƙon hauya sun ba shi rata mai nisa. Ya tsaya yana kallon bayansu, na matso kusa ina jiran ya zage ni.

Bai zage ni ba. Ya ce, "Rabe, ka ga yadda babban yake jan hauya? Ko gindin gero ɗaya bai taɓa ba." Ya goge fuska da hannun riga. "Shekara ashirin suna bayana. Ban taɓa ganin nomansu ba sai yau."

Sannan ya tofa yawu a tafin hannu, ya duƙa, ya ci gaba da layinsa.