Ranar da Igiya Ta Ɓace a Ƙasar Safana

A shekara ta biyu da fara ɗiban gwamna, lokacin da ake kwasar maza ana kai su haƙar kuza a Jos, sunan Jafaru mahauci ya shiga takarda. Shi ne na tara daga Batsari. Bai iya karatun boko ba, amma ya san inda na tara yake, don Wakili Maude, mai riƙe da takardar, ya ɗora masa yatsa a kai.

Jafaru ya san kuza. Bara aka tafi da wansa Muntaka. Bargonsa kaɗai ya dawo.

"Akwai hanya," in ji Wakili. "An ce ka yi dako a Ikko, kana jin Turanci."

"Na bakin jirgi ne, ranka ya daɗe. Rabinsa zagi."

"Ya isa. Baƙo gare mu."

Baƙon Bature ne, ma'aikacin jirgin ruwa. Jirginsu ya samu matsala, ana gyaransa a Ikko, aka ba su hutun mako shida. 'Yan uwansa suka tare a gidajen giya. Shi kuwa ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano, ya hau motar gyaɗa zuwa Katsina, wai yana son ganin ƙasa. Di'o ya rasa inda zai aje shi, ya turo shi yamma da ɗan rubutu.

"Ka kai shi Safana ta Babban Duhu, ka dawo da shi lafiya," Wakili ya ce. "In ya rubuto takardar yabo da sunanka, ni da hannuna zan aika da ita gaba."

"A cire sunana, ranka ya daɗe?"

"Wanda Bature ya yaba ba a mantawa da shi."

Da safe aka fito da baƙon. Gajere ne, faffaɗa, yana tafiya ƙafafu a ware kamar ƙasa na motsi a ƙarƙashinsa. Rana ta riga ta gasa masa ƙeya, saboda haka kafin a ɗaura sirdi Batsari ta raɗa masa suna Janwuya. Ya miƙo wa Jafaru hannu, abin da Bature ba ya yi. Tafin duk kanta, ya fi na Jafaru kaushi.

Jafaru ya gane irinsa. Ya gan su a Ikko, su ke wanke dandamalin jirgi a durƙushe, wani mai farar hula yana yi musu tsawa. Ya matsa kusa da Baba Mani, tsohon maharbin da aka haɗa su da shi don ya san hanyoyin ƙafa.

"Baba, wannan fa lebura ne."

"Wa?"

"Baturen."

Mani ya tofar da goro. "Warin tumbi ya taɓa maka kai, ɗan mahauta. Ina ka taɓa ganin Bature lebura? To wa zai sa shi aikin?"

Aka kawo doki. Janwuya ya hau ta dama ya sauka ta hagu, ba da niyya ba. Ya tashi yana dariya, ya kakkaɓe wando, ya ce zai taka. Masu rakiya suka kalli juna. Bature a ƙasa, doki a baya ana jansa. Ba wanda ya san fassarar wannan, amma kowa ya yarda ba alheri ba ne.

Rangadin Bature yana da ƙa'ida, kuma ƙasar nan ta haddace ta. Manzo ya wuce tun jiya. An share hanya. An shafa wa duwatsun bakin gari farar ƙasa. Masu gyambo da masu taɓin hankali an lallaɓa su bayan gari su wuni a inuwa. An jefa ƙwai a ruwa an ware masu iyo. Duk inda suka ratsa, ƙauye na ƙyalli kamar ba a taɓa zama a cikinsa ba.

Jafaru ya yi aikinsa. Ya nuna dutse, ya ce tsoho ne. Ya nuna kuka, ya ce ta fi dutsen tsufa. Mani ya nuna sawun kura, wanda Jafaru ya tabbata na karen Fulani ne. Janwuya ya dubi kowanne ya ce, "Fain," ya yi hamma. Duk hammar da ya yi, Jafaru sai ya ji sanyin Jos a ƙashinsa.

Da la'asar suka shiga Babban Duhu. Mai unguwa ya tara jama'a, ga makaɗa, ga kujera an lulluɓe ta da gwado. Janwuya ya nufo kujerar, ya wuce ta. Can gindin tsamiya, kusa da rijiya, wani tsoho mai suna Jinjiri yana tufkar igiyar rama, bai ma san ana taro ba, don kunnensa ya daɗe da yin ritaya. Janwuya ya je gabansa ya zauna. A ƙasa. Kan turɓaya.

Kiɗa ya mutu a tsakiyar baiti.

Ya karɓi igiyar ya ja. Ya sunsuna. Ya sa haƙori ya ciza. Fuskarsa ta washe karo na farko tun Batsari. Yatsunsa suka yi wani abu da sauri, sai ga ƙulli kamar kan ɗan tsako. Jinjiri ya juya shi, ya taɓe baki, ya kwance, ya yi masa dabaibayin jaki. Janwuya ya yi ihu ya buga cinya. Suka shiga yi, wannan ya ƙulla wancan ya kwance, ba mai jin yaren wani, ba mai bukata.

Jafaru ya saki numfashi. Ga takarda ta fara rubuta kanta.

Sai Janwuya ya zaro ɗan littafi daga aljihu, ya lashi fensir, ya fara zana ƙullin.

Shirun da ya biyo baya ya fi na farko nauyi. Mutanen nan sun san littafi. Wani Bature ya taɓa zuwa ya rubuta gyaɗa, shekara na zagayowa aka zo karɓarta. Wani ya rubuta shanu. Na ƙarshe ya rubuta maza.

"Tambaye su," Janwuya ya ce, yana murna, "kowane gida akwai irin wannan igiyar?"

Da Jafaru yana da wayo, da ya ce Bature na gaida mai unguwa. Amma hankalinsa na kan takarda. Ya fassara kalma da kalma, da ƙarfi, don Bature ya ga ƙwazonsa.

Mai unguwa ya haɗiye yawu. "Ka ce masa talakawa ne mu. Wannan ɗin ma aro ce."

Kafin magariba wani ya hau jaki ya nufi Safana. Abin da ya ɗauka daga Babban Duhu shi ne gwamnati za ta karɓi igiya saboda yaƙi. Abin da ya sauke a Safana shi ne duk gidan da aka ga igiya, da ita za a ɗaure maigidan a kai shi kuza.

Washegari suka kama hanya da hantsi. Tun ba su yi nisa ba Mani ya tsaya, ya dafa bakansa.

"Ɗan mahauta, ƙasar nan ta haukace."

Awaki ne cikin dawar da ba a girbe ba, ba turke ba makiyayi. Jakuna na yawo kamar masu gari. Maruƙa sun kama nono suna tsotsa da rana tsaka, wata Bafillatana na kallonsu da ƙwarya wayam. Janwuya ya ce ƙasar na burge shi, dabba ma tana da 'yanci. Ya rubuta.

Rana ta yi tsakiya. Gorar Mani ta ƙare, don Janwuya yana sha kamar raƙumi, yana kuma zubawa a ƙeya. Suka ratse wata rijiya a gefen ƙauye. Ba guga. Wani dattijo na zaune kusa, hannunsa ɗaya a ƙugu.

"Sannu da hutawa, Baba. A taimaka mana da igiya."

"Wace igiya?"

"Ta guga."

"Mu nan ba mu san ta ba."

"To da mi kuke jan ruwa?"

"Da ikon Allah."

Matarsa ta kankaro musu gindin randa, rabin moɗa, laka ta fi ruwa yawa. Tun jiya ba a ɗebo ba. Rijiya ta biyu haka, ta uku haka.

Da azahar suka isa Safana. An share, an shafa farar ƙasa, manyan gari sun jeru a bakin kasuwa. Kowa ya ɗaga hannun dama yana jinjina, hagu kuma na cikin riga. Jafaru ya duba da kyau, sai ya gane. An zare har mazagin wando. Garin Safana kaf yana tsaye ne riƙe da mutuncinsa a hannu ɗaya.

Janwuya bai ga wannan ba. Ya daina gumi tun a hanya. Ya ɗaga hannu zai amsa gaisuwa, sai ya kife a gaban mai gari.

Aka yi salati. Ba wanda ya matso, don ɗaukar mutum hannu biyu yake so.

Jafaru ya ja shi inuwa. Jikin kamar tukunyar da aka sauke yanzu. "Ruwa! Jama'a, ruwa!"

Aka kawo abin da ya rage a randuna, bai jiƙa ko rigar ba. Rijiyar kasuwa na nan taku ashirin, baki buɗe.

"Allah ya ba ka nasara," Jafaru ya durƙusa gaban mai gari, "a fito da igiya ɗaya. Ba ƙidaya ya zo yi ba. Wallahi lebura ne, sha'awa ce kawai."

"Mun ji," in ji mai gari. "Littafin aljihunsa ma lebura ne?"

Mani ya ce, "To a ara mana rawaninka, a ƙulla da na liman."

"Rawani ba igiya ba ne. In kuwa ya ja ruwa ya zama igiya, a rubuta shi."

Mani ya sunkuyo kunnen Jafaru. "In ya mutu a hannunka, yaro, ba kuza za ka ba. Ranar ko ƙasar nan ba igiya, za a samo maka ɗaya."

Jafaru ya tuɓe riga. Ya ɗaure gora da ita a gadon bayansa. Masu haƙar rijiya kan bar 'yan ramuka a jikin bango, dama da hagu, inda suke sa ƙafa. Ya leƙa, ya ga na farko, bai ga na biyu ba. Ya yi bisimilla ya zura ƙafa.

Zurfinta gaba goma sha biyu ne. Bangon na da santsi, ƙasa akwai sanyi da duhu da warin jemage. Yana cika gora ya ɗaga kai, sama ta zama kamar faifai, kawuna sun kewaye ta. Ya tuna Muntaka. Ya ce a ransa, wannan ne ramin ƙarshe da zan shiga.

Sau biyar ya sauka. A na uku farcen babban yatsansa ya fita. A na biyar Janwuya ya buɗe ido, ya yi zagi irin na bakin jirgi, Jafaru ya ji daɗinsa kamar kirari.

Da yamma, bayan Janwuya ya sha fura ya dawo mutum, aka ba shi labari. Ya daɗe yana kallon rijiyar. Ya rungume Jafaru a gaban jama'a. Jafaru ya daure, sannan ya roƙi takardar yabo da Turancin bakin jirgi, "Pepa, sa." Janwuya ya yago shafi daga littafin, ya zaro harshe gefe, ya yi ta fama da fensir kamar mai sassaƙa turmi. Ya kuma koya masa ƙulli ɗaya, wanda ya ce ba ya kwancewa ko a tsakiyar teku.

Jafaru ya dawo da shi Batsari lafiya, motar gyaɗa ta tafi da shi. Malam Armaya'u akawu ya karanta takardar a zauren Wakili, yana fassarawa.

"Ya ce, wannan mutum ya ceci raina. Ya ce, ya shiga rami mai zurfi sau biyar, ba igiya, ya fito da kaya a bayansa, bai yi ƙorafi ba. Ya ce, ban taɓa ganin mai ƙarfi da rashin tsoron rami kamarsa ba. Ya ce, da a jirginmu yake, shi zai shugabanci leburori."

Jafaru ya sunkuyar da kai don kunya. Wakili ya gyaɗa kai a hankali, ya cika alkawari, ya aika da ita gaba.

Amsa ta dawo bayan kwana takwas. An soke na tara da jan alƙalami. An rubuta sunan a can sama, gaban na ɗaya.

"Helma," in ji Wakili. "Kai za ka shugabance su, kai za ka fara shiga. Sun ce irinka suke nema tun bara. Ban ce maka ba a mantawa ba?"

A Safana an tono igiyoyin da aka binne, gara ta ci rabi. Har yau akwai masu cewa wayon mai gari ne ya ceci garin, tun da ba a zo karɓa ba.

Ranar tafiya, Tasalla matar Jafaru ta fito da bargon Muntaka, ta naɗe masa garin dawa da kilishi a ciki. Ta aje a gabansa. Mani ya zo rakiya, ya miƙo masa sabuwar igiyar rama.

"Daga Jinjiri. Ya ce a gaida abokinsa in kun haɗu."

Jafaru ya karɓa. Ya ɗaure bargon da ƙullin da Bature ya koya masa, ya ja ya ga ya kama. Ya ɗora a ka, ya wuce gaban layi.