Furen da Ya Riga Tet

Mu masu noman dao, bishiya mai fure ruwan hoda, a bakin Jan Kogi, duk shekararmu a kan mako guda take rataye. Ka tsige ganyen bishiya a kan kari, ta yi fure daidai Tet, bikinmu na sabuwar shekara, kowa ya saya ya kai gida. Ka yi gaggawa, ka tashi a tutar babu. Mijina Khiem ya san wannan tun kafin ya san ni, shi ya sa har yau abin ke ci mini rai.

Thiep, sakataren jam'iyya na unguwarmu, shi ya shigo gonarmu da jaka a hammata.

"Kwamared Khiem, babban taro ya matso. Shugabanni za a zaɓa, kasafin soja za a yanke. Ana son bishiyoyinka su jeru a hanyar zauren."

Na ce, "Taron ai kafin Tet ne."

"To su yi fure da wuri mana, Inna Nhan."

Na ja mijina gefe. "Baban Luyen, ba shi kaɗan ka bar mana saura."

"Ke dai! Duk ƙasa za ta gan su a talabijin."

Tas ya tsige su, har tsohuwar da ubansa ya dasa. Suka kuwa yi fure a kan lokaci, kyau kamar me. Motar ɗauka ce ba ta zo ba. Da na tare Thiep a kasuwa, ko kunya babu ya ce, "Daga sama aka ce ruwan hoda bai dace ba. Ja ake so, jan tuta."

Kwanakin taron Khiem ya tare a gaban talabijin yana leƙen bayan wakilai, sai ka ce bishiyoyin za su kai kansu. Aka yi maganar jiragen yaƙi, aka tafa. Aka ce ba za a bar manomi a baya ba, aka tafa. Ni ina waje ina share furen da ya zube, takaici kamar ya kashe ni.

Ranar jajibirin Tet maƙwabta na ta ɗaure rassa masu fure a babura, namu tsirara. Sai ga Thiep.

"Kwamared, a samo mini reshe mai kyau, manya za su zo gidana."

Ban gama buɗe baki ba Khiem ya zura takalmi, ya tsallaka gonar maƙwabci ya sayo masa. A gaban hoton marigayi uban Khiem kuwa, inda muke kafa fure duk Tet, reshe marar fure muka kafa a shekarar.