Ganyen Namele a Bakin Teku

Ranar da motocin kamfani suka dawo kwasar yashi a gaɓar arewacin tsibirin Efate, Kaltong ya tarar an tumɓuke sandar da ya kafa, an jingine ta a jikin kwakwa. Ganye biyun namele, wata bishiya mai kama da dabino, da ya ɗaura mata a gicciye sun bushe ƙayau. Shi ne mai garin, kuma tun kakanni in mai gari ya ɗaura wannan ganye a wuri, ba mai ratsawa. Bayan yashin nan kabarin mahaifinsa yake, da na wasu goma sha ɗaya. Daga kwasar bara zuwa yau ruwan teku ya ci taku shida na gaɓar.

Ya aika birnin Vila a kira Leimara, 'yar ƙanwarsa, mai aiki a ofishin kula da muhalli. Ta iso da rana tsaka. Matarsa ta ajiye mata doya da kifi, tana mata tsiya wai birni ya tsotse ta, saura ƙashi da tabarau. Leimara ta murmusa, ba ta ci ba.

A hankali ta yi masa bayani. Kamfani ya nemi sabon izini, aka liƙa sanarwa a bangon coci, aka ba mutanen gari kwana talatin su rubuto in ba su yarda ba. Kwanakin suka cika, ko layi ɗaya bai isa ofis ba, sai aka ba kamfanin izinin.

Kaltong ya ce ai sun ga sanarwar. Don ita ma suka yi taro, gari kaf, har tsofaffin da ba sa fita, kowa ya ce a'a, washegari ya ɗaura ganyen. Wace takarda ce ta fi wannan?

"Na sani, Kawu," ta ce. "Amma ganye ba ya shiga fayil."

"Ke da kika tashi a nan, ba ki faɗa musu ba?"

"Na faɗa. Shugabana ya ce sai a rubuce, da kwanan wata. Sau uku ina kiran wayarka."

Ya tuna. Ya ga kiran, ya ce a ransa zancen ƙasa ba da 'yar ƙanwa ake yin sa ba.

Akwai kotu, in ji ta, amma kafin a saurare su sai a yi shekara, izinin kuwa yana nan daram har lokacin. Ya tambaye ta ko teku ma za ta jira shekarar.

Ya daɗe yana sauraron rurin motocin. Can ya ce ta rubuta takardar kotun, zai sa hannu. Da ta fara rubutu ya fita, ya bi gida-gida yana faɗa wa maza su fito da shebur ranar Asabar, a kwashe mamatan a kai su kan tudu kafin lokacin guguwa. Na mahaifinsa ya fi kusa da ruwa, amma ya ce a bar shi sai ƙarshe.