Tuwo Daidai Dunƙulen Hannu

Yankho ta buɗe gwangwani na uku, shi ma wayam, sai ɗan gishiri a gindinsa.

"Me kike nema ne?" in ji mahaifiyarta, wadda ke zaune a ƙasa ta ɗora kan maƙwabciyarsu Nachisale a cinya.

"Sukari."

"A gidan nan? Ba ke kika hana ta ba?"

Yankho ta ajiye gwangwanin. Ta fita, ta tsallake kwata, ta ɗebo na gidansu a tafin hannu. Kafin ta dawo yayyafi ya narkar da rabi. Ta buɗe bakin tsohuwar da yatsa ta goga mata a dasashi. Jikin ya yi sanyi ƙalau, ga gumi sharkaf. Da ma rashin jin ƙarar tsintsiyarta har ƙarfe bakwai ne ya sa suka tura ƙofar.

A bayan motar mai gawayi aka kai ta asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta tsira mata allura a yatsa, ta dubi na'ura, ta dube su.

"Sukarinta ya faɗi ƙasa warwas. Yaushe rabonta da abinci?"

"Kullum tana ɗora tukunya," in ji mahaifiyar Yankho. "Muna ganin hayaƙi."

"Wannan maganin ba a shansa da yunwa."

Kafin rana ta take, aka ja mata zani har ka.

Shekara biyu ke nan da Yankho ta gama jami'a, inda ta karanta ilimin abinci, kuma har yau tana gida. A layinsu na unguwar Ndirande ba wanda ya taɓa tambayarta abin da ta karanta, sai ranar da Nachisale mai wankau ta dawo daga asibiti da ciwon sukari, da ƙwayoyi, da takardar gwamnati mai hoton rukunin abinci shida.

"Zo nan, likitar da ba ta da asibiti. Karanta mini."

Yankho ta zauna a bakin tabarma. Muryarta da ba ta cika fita ba, ran nan ta fita. Ta nuna mata wake da gyaɗa, ganye, 'ya'yan itace, kifi da nama, mai, sannan tuwon masara.

"Wannan kazar ta cikin takarda, a wane gida take kwana? In je in gaishe ta."

"Kaka, ba sai kaza ba. Ko ƙananan kifi sun isa."

"To. Tuwon fa?"

"Daidai dunƙulen hannunki. Sauran kwanon a cika shi da mahaɗi."

Nachisale ta dunƙule hannunta, wanda sabulu ya cinye wa fata, ta juya shi tana kallo.

"Wannan? Ko ɓeran gidana sai ya kai ni ƙara wajen mai unguwa."

Suka yi dariya. Amma ta liƙa takardar a bango, ta ba wa maƙwabta sauran sukarinta, ta riƙa faɗa wa mata a bakin famfo cewa yanzu likitarta daban, a tsallaken kwata take.

Kullum da yamma Yankho kan leƙo ta saman danga.

"Kaka, an ci da mahaɗi?"

"An ci, likita. Har na rage wa kazar."

Sai damina ta kankama. Kaya ba sa bushewa, masu ba da wanki suka daina kira. A kasuwa wake da kifi suka fi ƙarfin 'yan layin. Yankho ta san haka, don su ma a gidansu ganyen kabewa ne safe da dare. Ta kuma san babba ba ya gaya wa 'yar maƙwabta cewa tukunyarsa ba komai. Sai dai ita ma ba a haife ta da idon shiga madafin babba ta ɗaga murfi ba. Ta ci gaba da tambaya ta saman danga, ana ba ta amsa.

Da aka dawo daga asibiti, maza suka shimfiɗa ɗanyen ganye a kan hanya don masu wucewa su sani an yi rashi. Mata suka shiga fitar da kayan ɗaki a samu wurin zaman makoki. Aka bar wa Yankho lungun madafi.

Ta fitar da murhu. Ta fitar da tukunyar miya, wadda gizo-gizo ya yi saƙa a cikinta. A kan taga ga takardar magani, an ɓare kowace ƙwaya a ranarta, har ta jiya. Bayan ƙofa ta tarar da buhun garin masara, wanda Esnart, 'yar marigayiyar, ta aiko daga Lilongwe tun Kirsimeti. Ta sa hannu ɗaya za ta ɗaga, ya ƙi. Ta kwance bakinsa. Ya fi rabi.

Ta tsaya a nan, hannunta cikin garin har wuyan hannu. Ashe tsohuwar ba ta taɓa wuce dunƙulen da ta faɗa mata ba, ko bayan da mahaɗi ya ƙare.

"A'a, ashe akwai gari," in ji wata mata da ta leƙo. "Tsohuwa ta yi wa kanta tanadi. Jawo shi waje, 'yar nan, bakuna da yawa za su zo."

Washegari Esnart ta iso, idanu a kumbure. Dangi suka kawo akuya, matan coci suka kawo wake da kabeji, wani ya sauke nonon ayaba. Aka jera manyan tukwane uku a bayan gida. Daga ɗaki ana jin waƙar matan coci, a hankali, ba ta yankewa.

Esnart ta sami Yankho tana wanke kwanoni, ta durƙusa kusa da ita.

"Ƙanwata, ke ce likitar?"

"Ni ba likita ba ce, Yaya."

"Kullum in na kira ta sai ta yi zancenki. Na ce in aiko wani garin, ta ce in bar shi. Wai tun da kika koya mata cin abinci irin na masu boko, gari yake mata auki." Ta share hanci da bakin zani. "Ni da na fito daga cikinta ban kula da ita haka ba. Allah ya saka miki."

Yankho ta buɗe baki. Maganar tana nan a maƙogwaro, gajeriya, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ta dubi hannun Esnart da ya riƙe nata cikin ruwan kumfa.

"Allah ya ji ƙanta," ta ce.

Mahaifiyar Yankho, da ke tsaye da muciya, ta dube ta sau ɗaya, ta mayar da ido kan tukunya.

Da tuwo ya nuna, aka miƙa wa Yankho mara ta kwashe. Layi ya miƙe har bakin hanya. A kwano na farko ta sa malmala ɗaya.

"Ke, wa kike wa rowa?" in ji matar da ke zuba nama. "Garin marigayiyar ne. Cika musu."

Ta ƙara biyu. Aka zuba wake, aka zuba kabeji, aka ɗora tsoka a kai. Kwanon ya wuce, wani ya matso. Yayyafi ya dawo, yana sauka cikin tukunyar, kowane ɗigo da ɗan raminsa a fuskar tuwon.